Ni Ba Kamfani Ba Ne, A Buɗe Mini Sitona Kafin Ruwa Ya Sauka

Zuwa ga Mai Shari'a, Majistaren da ya zauna a kan ƙarar da Malam Ilu na Masanawa ya kai kamfanin sayen gyaɗa.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda ya dace da kujerarka, ina fatan kana lafiya, da iyali, da aiki, da kuma zafin bazarar nan da muke ciki. Allah ya sa haka, amin.

Bayan haka, sunana Garba, mutumin Kabo ne ni, manomi ɗan manomi. Ba ka san ni ba, ba ka taɓa ganin fuskata ba, ni ma ban taɓa taka ƙofar kotunka ba sai bayan da abin da ya faru ya faru. Amma hukuncin da ka yanke wa kamfani, a ƙofar sitona ya sauka. Yanzu da nake rubutun nan kwaɗon kotu ne rataye a jikin ƙyauren, irin gyaɗar da zan shuka bana yana ciki, dawar da za mu ci har kaka tana ciki, kuma an ce gwanjonsu za a yi. Ga hadari ya fara haɗowa ta gabas kowace la'asar. Na so in gan ka ido da ido, aka ce mini ba a ganin ka sai ta hanyar lauya. Shi ya sa na biyo ta jarida, da ɗan bokon da na samu a ajin yaƙi da jahilci. In ka ga karkace a rubutun, ka yi haƙuri, hannun fartanya ne.

Na farko, batun sunan.

A wajenmu kamfanin da ke sayen gyaɗa guda ɗaya ne, rumfarsa tana Gwarzo, yana kuma kafa sikeli a Kabo in kaka ta yi. Yana da suna, wani dogon suna na Turanci da harshenmu ba ya iya ɗauka, don haka ba mai wahalar da kansa. Kowa "Kamfani" yake cewa, kuma kowa ya san wanda ake nufi. Ni kuwa da ƙuruciyata na yi musu aikin awo, ina tsayawa a bakin sikeli da wandon kaki da suka ba ni, ina ɗaga murya ina kiran nauyin buhu. Abokan wasa suka ga ina ɗagawa da kakin nan, suka fara tsokanata da Garba Kamfani. Tun ina jin haushi har na daina. Da tafiya ta yi tafiya sai Garban ya faɗi a hanya, Kamfanin ya tsaya. Na bar aikin awo da daɗewa, tun lokacin da bayana ya fara ciwo, amma suna ya ƙi barina. Yau in ka shiga Kabo ka tambayi Garba, za a ce maka wane Garban, don muna da yawa. In ka ce Kamfani, ko makaho zai nuna maka gidana.

Abin da ya rage tsakanina da su bai wuce wannan ba: in sun rufe saye sun tattara sun koma birni, akawunsu yakan bar tsohon sikelin a sitona, saboda sabo da kuma ganin ɗakin yana da ƙyaure mai kyau. Ladan ajiyar kuwa tsofaffin buhunan da suka huje ne, yakan bar mini su in ɗinke in zuba kayana. Ba ni da takardar aiki, ba na cikin masu karɓar albashi, ba wanda ya taɓa cewa ni wakilinsu ne.

Na biyu, ba ni da ja da ƙarar Malam Ilu, ina so a fahimci wannan da kyau. A kakar da ta wuce motar kamfanin ta taso daga Kabo ta nufi Gwarzo, an lafta mata gyaɗa har tana rangaji, ta kwashe shi a gefen hanya shi da jakinsa. Jakin nan take ya mutu, shi kuma ƙafarsa ta dama ta tafi ke nan, sai da aka yanke ta a asibiti. Ina cikin waɗanda suka ɗauke shi daga cikin kwalbati. Mutum ne mai iyali, ba shi da sana'a sai gona. Ya je wurin alƙalinmu, alƙali ya ce masa kamfanin Turawa ba ya shiga hurumin kotunsa, sai kotunku ta birni. 'Yan'uwansa suka yi karo-karo suka kai shi. In akwai mai gaskiya a maganar nan to shi ne, kuma da za a kira ni shaida da gudu zan zo.

Na uku, yadda aka kawo sammaci. Nan ne nake roƙon ka karanta a hankali, ranka ya daɗe, don ni har yau in na tuna sai in riƙe baki.

Masinjan kotunka ya sauka a Gwarzo bayan an rufe saye. Ya tarar da rumfar kamfani babu kowa, sai awaki suna kwance a inuwarta. Aka ce masa ai akwai sikelinsu a Kabo. Ya hau kekensa ya iso, ya tsaya wurin mahauta a bakin kasuwa, ya tambaye su ina Kamfani yake. To, mahauta me za su ce? Suka ce ya bi ta bayan masallaci, gida mai durumi a ƙofa. Ba su yi ƙarya ba.

Ranar ina garin Kara, na je gaisuwar rasuwa. Matata tana cikin gida, ba ta fita wurin baƙo namiji. Mahaifiyata ce ta dogara sandarta ta fito zaure, tsohuwa ce da ba ta gani sosai. Masinja ya tambaye ta ko nan ne gidan Kamfani, ta ce nan ne. Ya tambaye ta ko Kamfani yana nan, ta ce ya tafi Kara, sai yamma. Ranka ya daɗe, a nan kaɗai ai ya isa mai hankali ya tsaya ya sake tunani. Kamfanin da ke da motoci da ofis mai bene a birni, shi ne ya tafi gaisuwar mutuwa Kara a ƙafa? Amma bawan Allahn nan rana ta dake shi, so yake ya sauke kaya ya juya. Sai ya tambaye ta ita mece ce a wurin Kamfani, kuma mene ne cikakken sunan mai gidan.

Wataƙila ba a taɓa gaya maka wannan ba, don ba ya cikin littattafanku. Ni ɗan fari ne. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta kuma nuna a gaban mutane cewa ita ta haife shi. Kunya ce, haka muka taso muka tarar. Tun da na buɗe ido a duniya ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Da ina yaro "wancan" take cewa, da na girma ta koma "mai gidan nan", da mutane suka laƙaba mini Kamfani kuwa sai ta samu sauƙi, ta kama shi ita ma, tunda ba shi liman ya raɗa mini ba. To, wannan tsohuwar ce baƙo ya tsare a zaure yana tambayarta sunana da kuma abin da ke tsakaninmu. Ta kawar da kai. Ya sake tambaya, ta ce ita dai a gidan take, ita ke duba shi in ba ya nan. Shi ke nan! Masinja ya kama babban yatsanta ya shafa masa tawada ya danna a takarda, ya miƙa mata sammaci, ya sha ruwan da ta sa aka kawo masa, ya hau keke. Daga baya na ji abin da ya je ya rantse a kai a gabanku: wai ya kai sammaci gidan kamfani da ke Kabo, ya damƙa shi a hannun babba mai kula da wurin. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Inna ce babbar ma'aikaciyar kamfanin Turawa, matar da ko mota ba ta taɓa shiga ba.

Na huɗu. Na dawo da yamma ta ba ni takardar, ta ce wani mai keke ya kawo wa Kamfani. Na juya ta sama, na juya ta ƙasa, Turanci ne tsantsa, babu Hausa ko kalma ɗaya, balle ajami. Abin da na gane kawai shi ne sunan kamfanin, don na san zanensa, shi ne a jikin buhuna. Na ce to takardarsu ce. Na ninke ta na sa ƙarƙashin sikelinsu tare da sauran tarkacensu, in akawu ya dawo da kaka ya tarar da abinsa. Wasu yanzu suna cewa me ya hana ni neman mai karanta mini. Mai jin Turanci a garinmu malamin elemantare ne kaɗai, kuma lokacin an yi hutu ya tafi garinsu. Ban da haka ma, tun yaushe aka fara buɗe takardar mutane a kai wa wani ya karanta? Ni a sanina ajiya aka ba ni, na kuwa ajiye.

Na biyar, ranar da aka zo.

Da hantsi ne, ina zaure ina gyara ƙotar fartanya, sai ga mota ta tsaya a ƙofar gidana. Ma'aikatan kotu suka fito da 'yan doka, da wani mai riƙe da takardu yana karantawa da Turanci yana fassarawa. Abin da na tsinta shi ne wai an kira kamfani ya ƙi zuwa, an yanke masa hukunci a bayan idonsa, an ce ya biya Malam Ilu diyyar ƙafarsa da jakinsa, bai biya ba, saboda haka an zo kama kayansa. Wallahi da farko har daɗi na ji. Na ce madalla, gaskiya ta yi halinta, ga sikelinsu can ku ɗauka. Da hannuna na buɗe musu sito.

Suka shiga, suka ga sikeli, suka rubuta. Suka ga buhuna jere, kowanne da tambarin kamfani a jikinsa, suka hau rubutawa. Na ce a'a, ku dakata, buhun ne nasu, shi ma kyauta aka ba ni, abin da ke ciki nawa ne. Mai takardun ya ce shi abin da idonsa ya gani zai rubuta. Na kwance bakin buhu ɗaya na nuna masa dawa, na ce tun yaushe kamfanin gyaɗa ya fara sayen dawa? Na nuna masa ɗinkin da na yi wa hujojin da zaren kaba. Na ce ya shiga kowane gida a Kabo, in bai sami buhu mai tambarin nan ba a yanka ni, har shimfiɗa ake yi da su. Ya ɗago ya tambaye ni ko ni ne Kamfani. Na buɗe baki ke nan, sai jama'ar da ta taru suka amsa masa baki ɗaya cewa ni ne mana. Suna ganin taimakona suke yi!

Ana cikin haka Inna ta fito. Ba ta tsaya a zaure ba, ta ratsa maza har bakin sito, ta kama rigar mai takardun. Ta ce, "Abubakar ne sunansa. Abubakar! Ni na haife shi, ba Bature ba."

Ranka ya daɗe, na yi furfura a gemu, ranar ce ta farko da na ji sunana a bakin mahaifiyata, kuma a gaban 'yan doka da mahauta da duk wanda ya zo kallo. Dattawa suka sunkuyar da kai. Ni kuwa na zauna a ƙasa. Da a ce hakan ya yi amfani da da sauƙi. Mai takardun ya zare rigarsa a hankali, ya ce shi ba alƙali ba ne, ɗan aike ne. Suka ja ƙyaure, suka ɗana kwaɗo, suka manna takarda mai hatimi, suka ce duk wanda ya taɓa shi, a gidan yari zai kwana. Tun ranar Inna ba ta fito tsakar gida ta zauna cikin mutane ba, tuwo ma sai an yi da gaske take taɓawa.

Na shida, yawon da na sha. Na je wurin dagaci, ya jajanta mini, ya haɗa ni da wanda ya raka ni gaban hakimi. Hakimi, Allah ya ƙara masa lafiya, ya saurare ni har ƙarshe, ya girgiza kai, ya ce kwaɗon kotun Turawa ba shi da mabuɗinsa. Na sayar da tunkiyar matata na shiga mota zuwa birni.

Ofishin kamfanin na fara nema, kuma ban sha wahala ba. Ɗan dako na farko da na tambaya a tasha ya nuna mini shi da baki. Gini ne ƙato a bakin titi, ga sunansu da manyan baƙaƙe a goshinsa, tafiyar da ba ta kai a sha ruwa ba daga kotunka. Na tsaya ina kallonsa kamar wawa. Ashe wanda ake nema yana nan maƙwabtaka da ku, aka tsallake shi aka tafi har Kabo wurin tsohuwa! Na samu babban akawunsu, na kwashe labari na gaya masa. Ya yi dariya har da buga tebur, ya kira na kusa da shi ya maimaita musu, su ma suka dara. Da ya gama ya ce su ba su ga sammaci ba, ba su san da wata ƙara ba, don haka hukuncin bai shafe su ba. Ni kuma ba ma'aikacinsu ba ne, ba su da abin da za su yi mini. Na ce to sikelinku fa da aka kama? Ya ce a sayar mana, dama ya tsufa, sabo za su kawo bana. Ya ce duk ranar da kotu ta taɓa abin da yake nasu na gaske, lauyansu zai je ya rushe hukuncin kafin a sha shayi.

Daga nan na wuce kotu. Wani dattijon tafinta ya gan ni zaune a baranda na rafka tagumi, ya tausaya, ya zauna ya warware mini yadda abin yake. A bakinsa na fara jin cewa wai a dokarku kamfani mutum ne. Na ce mutum kamar yaya, yana da uwa? Ya ce ba shi da uwa, amma yana da suna, yana da gida, ana kai shi ƙara, shi ma yana kaiwa. Gidansa kuwa shi ne babban ofishinsa da aka rubuta a wurin hukuma. In za a kai masa sammaci, ko dai a kai can, ko a damƙa wa ɗaya daga cikin manyansa, manaja ko sakatare ko wanda kamfanin da kansa ya naɗa don karɓar irin wannan. Ba direbansa ba, ba mai gadinsa ba, balle wanda ya taɓa yi masa awo shekarun baya, balle kuma uwar wannan. Ya ce kuma kafin mai shari'a ya yanke wa wanda bai zo ba hukunci, wajibi ne ya duba ya gamsu cewa kiran ya isa inda ya kamata.

Na ce alhamdu lillahi, ashe dokar tana tare da ni, a ba ni mabuɗi in tafi. Ya ce ba haka ake yi ba. Wanda zai nemi a rushe hukuncin shi ne kamfani, kamfani kuwa ba ya sauri. Ni sai dai in shigar da tawa takardar daban in ce kayan nawa ne, in kawo shaidu, a sa mana rana. Na tambayi yaushe ranar za ta zo, ya ce yadda ayyuka suka taru, in an yi sa'a bayan an yi noman farko. Ranar gwanjo kuwa ta riga ta.

To, ranka ya daɗe, ga abin da ya ɗaure mini kai, kuma da ladabi nake tambaya. Ku kuka kawo dokar nan, ba mu ba. Mu da muke zaune ba mu san wani mutum marar jiki da ake kira kamfani ba. Alƙalinmu na gargajiya, da ake cewa bai yi boko ba, ba ya yanke wa mutum hukunci a bayan idonsa sai ya tambayi ɗan aike wa ya samu, a ina, wa ya gani, me aka ce masa. Da aka ajiye maka takardar rantsuwar masinja, ka ga yatsa a wurin sa hannu. Wane manajan kamfanin Turawa ne yake dangwala yatsa? Ka ga an rubuta Kabo, alhali motocin kamfanin suna wucewa ta ƙofar kotunka safe da yamma. Tambaya ɗaya tak da ka yi wa masinjan nan, da duk wannan bai faru ba. Ban ce ka yi da gangan ba, Allah ya kiyaye. Na san takardu suna da yawa a gabanka. Amma takardar da ka wuce a cikin ƙiftawar ido, ni shekarata guda ce a cikinta.

Kuma ka duba wanda aka yi wa aikin. Kamfanin da motarsa ta cire wa mutum ƙafa yana nan yana shan iska, ko labari bai dame shi ba. Malam Ilu yana riƙe da hukuncin da ashe ba ya kama kowa. Ni da na ɗauko shi daga kwalbati, ni aka kulle wa abinci.

Shekaranjiya ya zo gidana. Aron jaki ya yi tun daga Masanawa, aka ɗora shi, aka sauke shi a zaurena da sandunansa. Muka gaisa. Sannan ya ce wallahi shi bai kai ni ƙara ba, bai ma san gidana aka zo ba sai a bakin mutane, kuma ko za a mutu da yunwa a gidansa ba zai ci ƙwayar dawata ba. Ya ce zai je ya janye ƙarar gaba ɗaya in hakan zai sa a buɗe mini. Na ce kul, kada ya soma. In ya janye, ƙafarsa ta tafi a banza ke nan, kuma waɗancan masu dariyar sun ci riba biyu. Ya nemi ya gaisa da Inna, ta aiko cewa ta amsa, amma ba ta fito ba. Da zai tafi na ɗaga shi na ɗora a jaki, ya yi nauyin da bai kai na buhun gero ba. Mutumin da a da shi kaɗai yake ɗaga dami biyu.

Saboda haka ga roƙona.

Ina roƙo a aiko a cire kwaɗon nan tun kafin ruwan shuka ya sauka. A ɗauki sikelin, a zazzage buhunan ma a tafi da su in ana so, zan zuba kayana a ƙasa a kan tabarma. In shaida ake bukata, dagaci yana nan, liman yana nan, maƙwabcin gonata da muka yi roron gyaɗar tare yana nan. Ba sai an sa mana rana a birni ba, duk wanda aka aiko zai gama binciken kafin ya sha furarsa.

Ina roƙo a sake rubuta sammaci, a ba masinja, a nuna masa ginin nan mai bene, ya taka da ƙafarsa ya miƙa wa manaja hannu da hannu. Kada kuskuren ma'aikacin kotu ya zama sanadin da Malam Ilu zai rasa hakkinsa, kada kuma a ce ya sake biyan kuɗin shigar da ƙara, don ba shi ya ɓata ba. A kira kamfanin ya zo ya tsaya a gabanka ya faɗi abin da zai faɗa, in yana da shi.

Ina roƙo, duk takardar da za a aika ƙauye, a sa Hausa a bayanta ko da layi biyu ne, da boko ko da ajami. Kuma a gaya wa masinjoji su riƙa tambaya da kyau. A ƙasar nan akwai wanda ake kira Gwamna, akwai Soja, akwai Likita, akwai Reluwe, ba kuwa ɗayansu da ya taɓa riƙe abin da ake kiransa da shi. In aka bi ta yadda aka bi da ni, ba gidan da zai tsira. Ban nemi a kori masinjan ba, shi ma mai iyali ne, a dai koya masa aikinsa.

Na ƙarshe, ranka ya daɗe. An yi yayyafi a garin Gammo daren Jumma'a, mutane sun fara fitar da iri suna ɓarewa. In duk abin da na roƙa ya gagara, in dokarku ta tsaya a kan cewa lallai ni ne Kamfani, to ina roƙon abu ɗaya. Kada a kai irin gyaɗar nan gwanjo. Na san masu sayensa, mata masu ƙuli-ƙuli ne, a kwana biyu za su soye shi su matse mai. Iri ne da na zaɓa da hannuna ƙwaya-ƙwaya, tun na mahaifina ne muke juya shi. A ba Malam Ilu shi a matsayin abin da ya samu. Gonarsa tana nan a Masanawa ba mai shiga, shi ba ƙafa, 'ya'yansa ƙanana. Ni zan je in shuka masa, in nome masa, tawa gonar ta kwana bana. In ya so da kaka ya auna wa Inna abin da za ta ci.

Allah ya ba ka ikon duba wannan da idon rahama, ya tsare ka daga ɗaukar hakkin wanda ba ka sani ba, ya sa ka gama aikinka lafiya ka koma wa naka iyayen suna masu farin ciki da kai. Amin.

Wassalam.

Ni ne mai jiran amsarka,
Abubakar Garba, manomi,
Kabo.